Safiyar da Kawu Ya Ɗumama Inji

Mai karatu, sau nawa ka taɓa tsayawa a gaban motar da aka ɗaga wa bonet, hannuwanka a baya, kana gyaɗa kai, alhali ba ka san inda ake zuba ruwa da inda ake zuba baƙin mai ba? Kada ka yi saurin rantsuwa. Na ga irinka da yawa a ƙofar gidanmu, a safiyar da aka shirya yi wa mahaifiyata aikin ido.

Umma ta daɗe tana fama da yana a idanunta biyu. Abin ya kai ba ta gane mu sai da murya, idan kuma ta zo zuba shayi rabinsa a kan tebur yake ƙarewa. Likitan da ke yin aikin ba mazaunin asibitin ba ne. Yakan zo jefi-jefi, ya shiga da waɗanda suka iso da wuri, ya rufe ƙofa. Wanda ya makara sai ya jira zuwansa na gaba, kuma tsakanin zuwa da zuwa watanni ne. An umarci Umma kada ta ci komai tun daren jiya, ta kuwa bi umarnin, ko ruwa ba ta kurɓa ba.

Motar da za ta kai ta ta Yayata ce. Malamar makaranta ce, da guminta ta sayi tsohuwar motar, kuma ta san halinta ciki da waje. Tun da aka sace motar wani maƙwabcinmu, ta sa aka maƙala mata ɗan maɓalli a ɓoye a ƙarƙashin kujerar direba. Idan ba a danna shi ba, mai ba zai isa inji ba. Za ka murza makulli, injin ya yi ta juyawa, amma ba zai tashi ba. Daga Yaya sai ni sai wanda ya saka shi muka san da zamansa. Motar lafiyarta ƙalau a safiyar nan. Ina so a riƙe wannan magana da kyau, domin ba da jimawa ba za ta daina zama gaskiya.

Kawu, ƙanin Umma, ya iso rakiya cikin fararen kaya da suka sha guga. Babu wanda ya gayyace shi. Ana ce masa Injiniya, suna ne da ya raɗa wa kansa bayan ya taɓa tsare wa wani abokinsa shagon kayan gyaran mota lokacin da abokin ya yi tafiya. Ya gaida Umma ta bayan labule, ya ga makulli a kan tebur, ya ɗauka.

“Bari in ɗumama muku inji,” in ji shi. “Mata ba su san mota na buƙatar ɗumi ba.”

Yaya tana ciki tana taya Umma shiri. Ni ce na ji ƙarar daga tsakar gida: injin na juyawa, yana juyawa, ya yi shiru. Ya sake juyawa. Kafin in fito, bonet yana sama, Kawu ya naɗe hannun riga, Tela da Mai Aski sun bar shagunansu sun tsaya masa dama da hagu.

Na ce, “Kawu, dakata in kira Yaya. Akwai abin da take yi kafin ta tayar.”

“Me take yi? Rarrashi?” Ya dubi Tela, Tela ya yi dariya. “Lauya, koma ciki. Nan ba aji ba ne.”

Lauya yake ce mini tun da na shiga jami’a, ko da yake ba shari’a na karanta ba. Sirrin maɓallin ba nawa ba ne da zan faɗe shi a bainar jama’a, don haka na ruga ciki. Yaya tana riƙe da Umma a bakin banɗaki, ba ta da halin sakinta. Ta ce in gaya masa kada ya taɓa komai. Na dawo da saƙon, na tarar ya riga ya taɓa komai.

Ya fara da batir. Ya samo dutse yana ƙwanƙwasa kawunansa, yana kasa kunne kamar mai jiran a ce masa shigo.

“Batir ne,” in ji Tela.

“Da batir ne da ba ta juya ba,” in ji Mai Aski.

“Ku duka kun kusa,” in ji Kawu. “Kafireta ce.”

Ya nemi kafireta a gaba, ya neme ta a gefe, ya leƙa har ƙarƙashi. Motar Yaya ba irin mai kafireta ba ce. Da ya gaji, sai ya miƙe ya share hannunsa.

“An cire mata,” ya ce. “Haka kanikawan yanzu suke. Sun ga mace.”

Daga nan ya koma kan wayoyin fulogi. Su waɗannan wayoyi kowace da gurbinta, kuma da tsarin da suke bi wajen kai wuta. Wanda ya san aiki ɗaya bayan ɗaya yake cire su. Kawu ya tattara su a hannu ɗaya ya fizge kamar mai cire ciyawa. Ya mayar da gindin guda ɗaya, ya riƙe bakinta da yatsu, ya ce wa Mai Aski ya shiga ya murza makulli.

Mai Aski ya murza.

Kawu ya yi wani tsalle da ban zaci shekarunsa za su lamunta ba. Hularsa ta faɗa cikin inji. Ya tsaya yana yarfe hannu.

“Wuta akwai,” ya ce daga baya. “Da gangan na riƙe. Haka ake aunawa.”

“Mun ga ta shiga,” in ji Tela.

A nan Yaya ta fito. Ta dubi wayoyin da ke zube a kan inji, ta dubi mutanen da suka ƙaru, domin yanzu har da masu wucewa da wani mai keke da ya jingine kekensa don ya ba da shawara. Ta matsa kusa da Kawu ta rage murya.

“Kawu, lafiyarta ƙalau. Akwai maɓalli a ƙarƙashin kujera. Ba ni makullin kawai.”

“Maɓalli?” in ji Kawu da muryar da yake kiran mai ruwa daga ƙarshen layi. “A ƙarƙashin kujera? Na maganin ɓarayi? Jama’a, kun ji. Wai ta ɓoye maɓalli a ƙarƙashin kujerar direba, shi ne ya hana mota tashi.”

“Ta hagu ko ta dama?” in ji mai keken, wanda babu wanda ya san shi a unguwar.

Mai Aski, da yake yana zaune a kujerar, ya sunkuya ya laluba. “Ga shi nan kuwa. Ta hagu, kusa da ƙarfe.”

Yaya ta rufe ido, ta buɗe. “To, a danna. Kawu, don Allah a mayar da wayoyin yadda suke. Ka lura da yadda suke kafin ka cire?”

“Ni kike tambaya?”

Ya mayar da su bisa wani tsari nasa: doguwa a inda ya ga ta fi kyau, gajera a inda hannunsa ya kai. Aka danna maɓalli, aka murza makulli. Motar ta yi tari, ta yi rawa, ta saki wata ƙara ta salansa da ta sa mai keken ya kwanta a ƙasa. Ba ta tashi ba.

Kawu ya juyo ya fuskanci jama’a, fuskarsa cike da natsuwa.

“An danna maɓalli?”

“An danna,” in ji Mai Aski.

“Ta tashi?”

“Ba ta tashi ba.”

“To.”

Wannan “to” ɗin ita ce ta ci mu da yaƙi. Daga lokacin duk wanda ke wurin ya koma bayansa. Tela ya ce dama shi tun farko ya san ba maɓalli ba ne. Wani dattijo ya ce wa Yaya ta gode wa Allah da ya ba ta kawu mai sani. Yaya ta yi bayani sau biyu cewa wayoyin ne aka rikita, ta kuma ce a bar ta ta kira makanikinta. Aka saurare ta yadda ake sauraron rediyon maƙwabta, sannan aka ci gaba.

Ni kuwa na sulale na tafi bakin titi na samo mai tasi. Na kawo shi har ƙofar gida, na shiga fito da Umma. Kafin mu iso zaure da ita, a hankali saboda matakala, Kawu ya riga ya leƙa tagar direban.

“Malam, mun gode, an gyara. Allah ya ba da kasuwa.”

Na fito na hangi tasi ɗin tana shan kwana.

“Kawu! Ni na kira shi!”

“Ina raye yayata ta shiga motar haya, ga mota a ƙofar gida? Me mutane za su ce?”

“Za su ce ta isa asibiti.”

“Kun ji ko? Abin da ake koya musu ke nan.”

Umma ta matse hannuna. “Ƙyale shi, Auta. Ya ce ya kusa. Kada ki kunyata shi a gaban mutane.” Na kawo mata kujera ta zauna a zaure, jakarta a cinya, fuskarta na kallon inda take jin hayaniya.

Rana ta fara ɗagawa. Yaya tana ta kiran makanikinta, wayarsa a kashe. Kawu kuma ya gano sabon ciwo: mai ba ya hawa. Ya aika aka samo masa fetur a gorar ruwa. Ya kwance babban tiyon da ke kai iska inji, ya ce zai ba ta a baki, yadda ake yi wa marar lafiyar da ya ƙi cin abinci.

“Kawu, wayoyin a rikice suke,” in ji Yaya. “Idan wuta ta dawo ta baya fa?”

“Wuta ba ta da baya.”

Ya tsiyaya, ya ƙara, ya sunkuya ya kai fuskarsa bakin tiyon don ya ga yadda take sha. Ya ɗaga hannu ya ba Mai Aski alama.

Ƙarar ba ta kai ta farko ba, amma ta zo da haske. Harshen wuta ya fito ya gaisa da Kawu ya koma. Yaya ta fizge gorar daga hannunsa ta yi nesa da ita, Tela ya kwashi ƙasa ya watsa a kan inji, rabinta ta sauka a kan fararen kayan. Da hayaƙi ya lafa, Kawu yana tsaye inda yake. Girarsa babu, gemunsa ya rage ta gefe ɗaya, wurin ya gauraye da warin ƙonannen gashi.

Mai Aski ya fito daga mota ya zagaya shi yana dubawa da idon sana’a.

“Sai an daidaita ɗaya gefen,” ya ce.

“Kun ga ta amsa?” in ji Kawu. “Ta kusa. Murza.”

Aka murza. Injin ya juya a kasale, ya sake juyawa kamar mai miƙa, sai ƙas, ƙas, sai shiru. Batir ya mutu.

“Ba na faɗa ba?” in ji Tela. “Batir ne.”

Duk mai hankali zai ɗauka nan ne ƙarshe. Na sake kama hanyar titi, amma lokacin ya zama na masu zuwa aiki, kowace tasi a cike take wucewa. Ina tsaye ina ɗaga hannu na ji an ɗauki kirari a bayana. Na waiwaya na ga an rufe bonet, Kawu ya kori Mai Aski daga kujera ya zauna da kansa, maza sun jeru a bayan mota suna tofa yawu a tafin hannu.

Yaya tana riƙe da ƙofar direba. “Kawu, otomatik ce. Ba a tayar da ita da turi.”

“Babu motar da ba ta jin turi. Na tayar da tirela da turi.”

“Kai kaɗai?” in ji Tela.

“Da wani yaro.”

“Kawu, idan inji a kashe yake, birki tauri yake yi, sitiyari ma haka. Layin nan gangara ne.”

“Cika mini ƙofa, kada ki ɓata mini lissafi.”

Wani daga cikin masu turin ya ce, “Hajiya, matsa mana, aikin maza ne.” Ba su jira ta matsa ba. Kawu ya saka giya a firi, ya fito da hannu ta taga ya kaɗa, suka tura.

Layinmu yana gangarawa a hankali daga ƙofar gidanmu, ya wuce shagon Tela da na Mai Aski, sannan ya yi kwana a gaban babbar kwata. Da farko motar ta tafi da mutunci. Kawu har ya ɗaga wa matan da ke leƙe ta ƙofofi hannu. Masu turi suka sake ta suna haki suna jiran su ji ta tashi. Ba ta tashi ba, sai dai ta ƙara sauri. Muka ga kan Kawu ya sunkuya yana kokawa da giya, ya ɗago, ya sake sunkuyawa. Ya danna hon, hon ya ƙi, domin shi ma da batir yake aiki. Sai ya fito da kansa ta taga.

“Ku kauce! Ku kauce, gwaji nake yi!”

Ta shafi benci a ƙofar Tela ta kifar da shi. Ta ɗauki allon Mai Aski mai hotunan aski ta tafi da shi a kan bonet, ta yadda abin da Kawu ke gani a gabansa kawunan mutane ne masu kyakkyawar gira. A kwana, titi ya juya, mota ba ta juya ba. Ta sa ƙafafunta na gaba a cikin kwata, ta ɗaga na baya, ta tsaya.

Unguwa gaba ɗaya ta gangara. Ƙofar direba ta ƙi buɗuwa, don haka ta taga aka zaro shi, aka dire shi a cikin ruwan kwata har gwiwa, saboda babu wani wurin direwa. Bai ji ciwo ba. Ya tsaya a ciki ya gyara wuyan riga.

“Alhamdu lillahi da na gwada,” ya ce. “Birkin motar nan ba shi da kyau. Da da yayata a ciki fa?”

Wasu har sun fara gyaɗa kai. Sai aka ji muryar Umma a bayansu. Ta sa na riƙo hannunta mun gangaro, tana taka ƙasa da ƙafa kafin ta ɗora nauyi. Mutane suka dare.

“Auta, wane ne a cikin kwata?”

“Kawu ne.”

“Motar fa?”

“Tana tare da shi.”

Ta juya fuskarta inda take jin ɗigar ruwa. Ba ta ɗaga murya ba.

“Dogo.” Sunan da ake kiransa yana yaro ke nan, saboda gajartarsa. “Ni na goye ka. Rediyon Baba da ka kwance ka ce za ka ƙara masa murya, har Baba ya rasu bai sake magana ba. Keken ɗinkin Inna ma haka. Na yi shiru saboda kai ƙanina ne. Yau tun jiya ban ci ba, ban sha ba, ina zaune a zaure ina kare maka mutunci. Miƙo makullin yarinya.”

Kawu ya dubi yayarsa. “Yaya, ai saura kaɗan—”

“Miƙo.”

Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu. Makullin yana jikin mota. Sai da ya sake kutsa rabin jikinsa ta taga, ƙafafunsa na reto a waje, ya zaro shi. Ya miƙa wa Umma, ta ce ba nata ba ne. Ya juya ya miƙa wa Yaya a gaban kowa. Babu wanda ya yi dariya sai Tela, shi ma da ya tuna bencinsa ya daina.

Mun samu tasi daga baya. Muka isa asibiti muka tarar da ƙofar a rufe. Ma’aikaciyar jinya ta ce likita ya riga ya shiga da waɗanda suka zo, ba a ƙara ko mutum ɗaya. Yaya ta roƙa, ni na yi faɗa, duka biyu ba su buɗe ƙofar ba. Umma ta zauna a benci ta ce a samo mata ruwa. Na miƙa mata kofin, ta kai hannu gefensa, sai da na kama yatsunta na ɗora su a kai.

Har yau da nake wannan rubutu tana jiran zuwan likita na gaba. Motar tana gareji. Kawu yana zama a shagon Mai Aski, girarsa ta fara tsirowa, yana ba da labarin yadda ya ceci yayarsa daga hatsari, kuma ana sauraronsa.

Kawu shi kaɗai bai isa ya kai mota kwata ba. Yana zaune ne kawai a kujera. Hannuwan da suka kai ta na mutanen kirki ne, masu gaida Umma kullum, waɗanda suka ji mai motar ta ce kada a tura, suka dubi wanda ya fi ta murya suka tura. Saboda haka da ku nake, masu taruwa a gaban bonet. Gobe idan kun ga mota ta ƙi tashi, ku fara tambayar ta wace ce. Ku saurari amsar har ƙarshe. Idan makullin yana hannun wani, ku karɓa ku ba mai ita. Idan kuma ta ce kada a tura, ku cire hannuwanku daga kan motarta ku koma shagunanku.